Agogon Alassani Wanzami

"Wai tsohon nan ina za shi ne, kullum idonsa a kan agogo?"

"Wane tsoho?"

"Mai asuwakin can, na gindin mangwaro. Ka gaishe shi, ya duba agogo. Ka ce ya zaɓa maka mai laushi, ya duba agogo. Ko mai kaɗa ƙararrawar tashar jirgi bai kai shi ba."

"Kai, rage murya. Daga ji kai baƙo ne a Zongo."

"Baƙo? Shekarata huɗu fa."

"To ai jiya ka zo. Wannan da kake gani, rabin sahun gaba na masallacin Juma'a shi ya yi musu kaciya. Har da mai jan sallar."

"Haba dai! To me ya mai da shi mai sai da itace?"

"Sha kokonka kafin ya huce."

Alassani ya ji su sarai. Tsufa ya ci masa ido ɗaya, tarin da ya kama shi tun farkon damina yana cin ƙirjinsa, amma kunnuwan nan ƙalau suke. Bai ɗaga kai ba. Ya ci gaba da jera asuwakinsa a kan buhu, masu kauri gefe, sirara gefe, sannan, ba da saninsa ba, ya duba agogon. Bakwai da kwata. Ba inda za shi. Shekara goma sha biyu ke nan ba inda za shi. Mutum ɗaya yake jira a duniya, 'yarsa Mariyatu, wadda ke zaune a Avédji, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a taksi ba, kuma tun ranar da aka binne uwarta ba ta ƙara zama tabarma ɗaya da shi ba.

A tsohon Zongo aka haife shi, wancan na tsakiyar Lome, inda in iska ta juyo kana zaune a zaure kana jin rurin teku. Ubansa Sabitu wanzami ne. Daga ƙasar Katsina ya taso da ƙafa, ya biyo fatake ta Mango da Sokode, da niyyar in ya ga teku ya juya. Ya ga teku, ya ga kuma yawan kawunan da ke Zongo ba mai aske su, sai ya ajiye zabirarsa.

Sabitu ya koya wa ɗansa aska da ƙaho, kaciya da cire beli, ya koya masa saiwoyi da ɓawo: madaci, marke, sabara, da wasu da sai ka je kasuwar Akodésséwa ka nuna da yatsa don ba su da suna a Hausa. Amma abin da ya fi dasa masa a ka guda ɗaya ne. Duk jiƙon da za a ba mara lafiya, sai mai bayarwa ya fara kurɓa a gabansa.

"Ka ga mutumin nan da ke zaune?" in ji Sabitu. "Bai san abin da ke cikin ƙoƙon nan ba. Ransa ya ɗauko ya kawo maka. In akwai sharri a ciki, kai ya kamata ya fara samu. Ka sha yana kallo. In ka tsaya da ƙafarka, sai ka miƙa masa."

Sau ɗaya Alassani ya manta, yana ɗan shekara goma sha uku, kuma har ya tsufa yana iya nuna kuncin da marin ya sauka. Daga ranar, ba ciwon da bai sha maganinsa ba. Ya sha na basir, ya sha na shawara, ya sha na tsutsar ciki. Mutanen Zongo kuwa wannan ne ya sa suka yarda da shi. Har Minawan gari da ba sa jin Hausa suna zuwa, don kurɓar nan ba ta bukatar tafinta.

Matarsa Hussainatu ce kaɗai take yi masa dariya a kan haka. 'Yar biyu ce, ita da 'yar'uwarta Hasanatu, kuma tana suyar waina a ƙofar gida, bakinta ya fi tandar zafi. In ya shigo da yamma yana yamutsa fuska, sai ta dube shi ta gefen ido.

"Wanzam, yau kuma me aka sha?"

"Matar Idrisu mahauci ce ba ta jin daɗi."

"Mai cikin nan? Maganin naƙuda ka sha ke nan. To Allah ya sauke ka lafiya, in sa ruwan zafi?"

"'Yar biyu, ki ji tsoron Allah."

"Ungo waina, ka wanke bakin. Kullum ni ke auren ɗaci."

'Ya'ya huɗu suka haifa, ɗaya ta tsaya. Ita ce Mariyatu, mai sunan mahaifiyarsa, don haka bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai Inna. Hussainatu ce ta dage aka sa ta makarantar Faransanci, ta ce gida ɗaya ya ishe shi mutum ɗaya mai shan abin da bai iya karantawa ba.

A shekarar 1975, lokacin da rediyo ba ta da aiki sai waƙoƙin jam'iyya, ana tara 'yan makaranta da zane iri ɗaya suna rawa a fili har ƙafa ta kumbura, aka kawo likitoci daga ƙasar Sin. 'Yan Zongo suna ce musu Shinuwa. An ajiye wasunsu a wani ƙaramin asibiti da ba shi da nisa da unguwar. Alassani bai yi niyyar taka wurin ba. Idrisu mahauci ne wani bijimin sa ya tunkuya ya fasa masa kai, shi kuma ya rako shi. Ana so a aske gefen raunin kafin a ɗinke, hannun ma'aikacin yana rawa, Idrisu yana zagi. Alassani ya zaro askarsa, ya yi ja uku, wurin ya fito fes.

Likitar, wata gajeriyar mace mai tabarau mai kauri, ta kama hannunsa ta juya shi ciki da baya kamar mai tayin kifi. Ta yi magana da harshensu, tafinta ya mai da ita Faransanci, ma'aikacin ya mai da ita Mina, Idrisu da ke kwance cikin jini ya mai da ita Hausa.

"Wai ta ce hannunka ba ya rawa. Wai ka zo gobe."

Haka ya fara aiki a wurin Madam Tabarau, don ba wanda ya iya faɗin sunanta na gaskiya. Da safe yana asibiti, yana aske masu rauni, yana dafa sirinjin gilashi da allurai a tukunya. Da yamma yana zaurensa da ƙaho da aska. Da ta ga yana da hankali sai ta koya masa yin allura, ta fara da gwanda ɗanya, sannan cinyar mutum.

Akwai alluran da kowa ya sani, penisilin da kinin. Amma akwai wasu 'yan ƙananan kwalabe da Shinuwa suka zo da su, tsawon ɗan yatsa, ruwan cikinsu kalar shayin da ba a sa wa madara ba. Su ake yi wa mai hangum, da mai zazzaɓin da ke kumbura maƙogwaro, da mai murar da ta sauka ƙirji, irin ciwon da penisilin ke wucewa ta gefensa bai gan shi ba. Kwana biyu ko uku sai kumburi ya sace, zafin jiki ya sauka. Ran da Alassani ya fara karya wuyan kwalbar, wani ƙamshi ya daki hancinsa, ƙamshin ƙasa mai laima da itacen da aka tono. Ya tsaya cak. Ya san wannan ƙamshin tun kafin ya san sunan uwarsa.

Ya yi ta nuni da hannu har Madam ta gane tambayarsa. Ta shiga ciki ta fito da gwangwani, ta zuba masa wata busasshiyar saiwa a tafin hannu. Kafin ta hana shi ya jefa a baki ya tauna. Ɗaci, da ɗan zaƙi a bayansa.

Ran nan da gudu-gudu ya koma gida.

"'Yar biyu, yau na ga abin mamaki! Ashe mutanen nan wanzamai ne irina. Saiwa ce! Saiwa suke dafawa su tace, su sake tacewa, har ta yi tsabtar da za ta shiga jini. Abin da Baba ya yi ta jiƙawa a ƙoƙo, su sun sa shi a allura."

"To madalla. Ka roƙe su su zuba madacinka a kwalba, ni ma in huta."

Abu ɗaya ne bai kwanta masa ba. Kafin Madam ta yi wa kowa wannan allurar, sai ta ɗiga ɗan kaɗan a ƙarƙashin fatar damtsensa ta ciki, ta ɗauki biro ta zana da'ira a kewaye, ta nuna agogon bango. Minti ashirin. Ko sarki ne sai ya zauna a benci ya jira. In wurin bai yi ja ba, bai kumbura ba, sannan a yi masa. Alassani ya tambayi dalili, amsar ta biyo ta bakin mutum uku ta iso masa: kowane jiki da halinsa, akwai jikin da ke faɗa da maganin da ya warkar da dubu.

Ya gyaɗa kai don girmamawa. A ransa kuwa cewa ya yi, baiwar Allah, tsoro take ji. Ba ta sha a gabansu, shi ya sa take sa su su fara ɗanɗana wa kansu. A ganinsa wannan juya al'amari ne, a ce mara lafiya ne zai tsaya jingina ga mai magani. Wata rana da aka tashi, ya karya kwalba ɗaya ya soka wa cinyarsa. Ban da tsamin wurin ba abin da ya ji. Kuma shekara biyu yana kallon da'irorin biro, ɗaruruwa, a hannun Hausawa da Minawa da Kotokoli, bai taɓa ganin wadda ta kumbura ba. Ko ɗaya.

A ƙarshen daminar 1977 aka ce Zongo ya tashi. Ba wanda ya tambayi dalili da ƙarfi. Zamanin nan ko a zaurenka sai ka waiga kafin ka yi magana. Katafila ta zo, zauren Sabitu ya zama tarin ƙasa kafin azahar. Aka kwashi mutane da kwanukan rufinsu zuwa wani fili can arewa da gari, inda ba komai sai ciyawa da turakun da aka kafa. Ba famfo, ba asibiti, mota kuwa sai ka yi sa'a.

Alassani ya je sallama, don tafiyar ta fi ƙarfin kullum. Madam Tabarau ta daɗe tana kallonsa. Ta san inda aka kai su. Ta ba shi sirinji biyu da kwali ɗaya na 'yan kwalaben, ta sa tafinta ya rubuta takarda da Faransanci ta liƙa a murfin. Ta ɗora biro a kai. Sannan ta kwance agogon hannunta ta ɗaura masa da kanta, ta buga gilashin da farce, ta ɗaga yatsunta goma sau biyu. Wannan bai bukaci tafinta ba.

A sabon Zongo mutane suna kwana ƙarƙashin kwano da aka jingina, suna shan ruwan rijiyar da aka tona jiya. Zazzaɓi ya shiga bi gida-gida. Mutum huɗu Alassani ya yi wa allurar. Na farkon ya ɗauko masa biro, mutumin ya janye hannu.

"Haba Wanzam, yaushe muka fara haka da kai? Ni ba ɗan makaranta ba ne da za a yi mini zane. Kai dai gwada in gani."

Sai ya ɗiba kaɗan ya soka wa damtsensa a gaban mutumin, ya canza allura, ya yi masa sauran. Haka ya yi wa duka huɗun, duka huɗun suka tashi. Biron ya koma ƙasan kwali.

Sai Hussainatu ta kwanta. Kwana uku jikinta kamar tanda, maƙogwaro ya kumbura har koko ba ya wucewa. Ya ba ta jiƙo, ya kurɓa ta kurɓa, ba sauƙi. Ran na huɗu bayan la'asar ya dafa sirinji. Yana cikin tsame shi Mariyatu ta dawo daga makaranta, da zanen rawar jam'iyya a jikinta, ƙafa duk ƙura. Shekararta goma sha shida. Ta ɗauki murfin kwalin ta karanta.

"Baba, takardar ta ce a fara sa ɗigo a hannunta, a zana, a jira minti ashirin."

"Na san abin da ta ce, Inna. Shekara biyu ina gani."

"To ga biron nan."

"Dubi nan." Ya naɗe hannun riga, ya soka, ya danna kaɗan, ya zare. Ya miƙe tsaye ya buɗe hannuwa. "Na tsaya ko ban tsaya ba?"

"Ba jikinka za a gwada ba, Baba, nata ne. Haka aka rubuta, har an ja layi a ƙarƙashi. Jikinka daban, nata daban."

"Yau ke za ki koya mini magani?"

"Ga agogo a hannunka. Minti ashirin ne kawai. Ni zan duba maka."

Hussainatu ta ɗaga kai daga matashi. Muryar ta dushe, amma tsiwar tana nan.

"Ke, bar ubanki. Shekara ashirin yana shan ɗaci saboda mutanen Zongo, ni ce zai cuta? Wanzam, yi mini in huta, ko na samu in haɗiye yawu."

Ya tsaya da sirinji a hannu. Daga baya ya sha komawa wannan tsayuwar, ya juya ta ta kowane gefe. Ba gaggawa ba ce, kuma ba lalaci ba. Gani ya yi in ya zana wa matarsa biro bayan jikinsa ya riga ya tsaya mata, kamar ya ce mata ne jingina ta ba ta isa ba, kamar ya mai da ita baƙuwa a benci. Abin da ya yi wa maƙwabta don amana, yaya zai hana matar da ta haifa masa huɗu? Ya ce bismillah, ya yi mata.

Bai gama ɗauraye sirinjin ba ta ce kanta yana ƙaiƙayi. Sai tafin hannu. Ta yi dariya ta ce ko kwarkwata ya zuba mata. Dariyar ba ta ƙare ba leɓɓanta suka fara kumbura, fatar ido ta hau, numfashi ya koma fito kamar na sarewa. A asibiti akwai wata 'yar kwalba daban da Madam take yawo da ita a aljihun rigarta, ba ta taɓa buɗe ta ba a gabansa. Sai a lokacin ya gane ko ta mece ce: ta ceton wanda jikinsa ya yi faɗa da maganin. Ba ta cikin kwalinsa.

"Inna, titi! Ki tsai da mota, ko wace iri!"

Mariyatu ta fita da gudu. Shi kuwa ya rungume Hussainatu a ƙirjinsa, yana hura mata iska a baki, yana kiran duk sunan Allah da ya sani. Ta riƙe hannunsa, wanda ke da agogon, ta matse. Sannan ta saki.

Bai san abin da ya sa ya duba ba. Ya dai san ya duba lokacin da zai soka allurar, don haka Madam ta saba masa. Minti goma sha bakwai. Da ya zana da'irar nan, da har yanzu suna zaune suna jira, tana yi masa tsiya.

Da Mariyatu ta dawo a gaban wata motar yashi, an riga an rufe fuskar da zane.

Kafin magariba dattawa suka taru. Alhaji Haliru, wanda shi ke magana da hukuma a madadin unguwa, ya ga kwalin ya ga sirinjin, ya tura su ƙarƙashin tabarma da ƙafa.

"Zazzaɓi ne. Duk wanda ya tambaya, zazzaɓi ne, kwana ya ƙare. In jandarma suka ji kalmar allura, ba Wanzam kaɗai za su ɗauka ba. Mun ga abin da ya ishe mu a shekarar nan."

"Na faɗa masa," in ji Mariyatu daga bakin ƙofa. "Na karanta masa, na ce ya jira."

"Ke yarinya, yi shiru! Ubanki ne."

Ta dubi ubanta. Yana zaune kansa a ƙasa. Kalma ɗaya take jira daga bakinsa, ya ce gaskiya ta faɗa. Ya ji idonta a kansa kamar garwashi, ya buɗe baki, ya ga dattawa, ya rufe. An ce ta yi shiru, ta yi shiru. Shirun ne bai ƙare ba har yau.

Bayan sadakar arba'in Hasanatu ta zo ta tafi da ita. Alassani bai iya ɗaga ido ya kalli Hasanatu ba, don fuskar matarsa ce sak, har da ɗan tabon da ke haɓa. Ya koma asibitin don ya faɗa wa Madam abin da ya yi, ko ta zage shi da harshen da ba ya ji, aka ce wa'adinsu ya cika, sun koma gida, an kawo wasu. Da ya dawo ya tona rami a ƙofar gida, ya zuba aska da ƙaho da sirinji da sauran kwalaben, ya rufe, ya dasa ƙwallon mangwaro a kai. Mutane sun yi ta zuwa da 'ya'yansu na kaciya, yana ba su haƙuri. Ba wanda ya zarge shi a Zongo, ko sau ɗaya. Da ma sun zarge shi, da ya fi masa sauƙi.

Agogon kaɗai ya bari. Kullum bayan sallar asuba yana murɗa shi ya ba shi wani don kada ya tsaya.

Mariyatu ta gama makaranta ta zama ma'aikaciyar jinya, kuma cikin ikon Allah wurin Shinuwan da suka biyo baya aka tura ta. Ta yi aure, shi ya ba da ita a masallaci, amma ba ta zo ya sa mata albarka a ɗaki ba. Ta haifi mace ta sa mata Hussainatu, sau biyu ya ga yarinyar, daga nesa. Da salla tana aiko da shinkafa da yadi ta hannun Hasanatu. In dole ta kama, kamar rasuwa ko suna, sai ta tsaya a bakin ƙofa ta gaishe shi da Faransanci, harshen da ta san ba ya ji sai gaisuwar.

Ran da masu shan koko suka yi maganarsa, bai kai hantsi a gindin mangwaron ba. Sanyi ya kama shi duk da rana ta fito, ya tattara buhunsa ya shiga ɗaki ya kwanta. Shekaranjiya Hasanatu ta zo daga Hédzranawoé inda take sai da gwanjo, ta ji tarin, ta ga ya ƙi zuwa asibiti, ta ce, "Kai da 'yarka duk kanku ɗaya, dutse." Ta fita tana faɗa. Bai sa ran komai ba.

Wajen azahar ya ji tsayuwar mota, ya ji yara suna cewa taksi, taksi. Labule ya ɗaga. Mariyatu ce, farar riga, farin takalmi, jaka a hannu. Ta yi ƙiba kaɗan, tafiyar kuwa ta uwarta ce.

"Bonjur," in ji ta.

"Sannu da zuwa, Inna. Kin sha hanya."

Ta durƙusa a kan ƙafafunta ba tare da gwiwa ta taɓa tabarmar ba, ta sa masa abin awon zafi a hammata, ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta nuna masa da hannu ya ja numfashi. Hannunta ba ya rawa. Ya lura da wannan.

Ta buɗe jaka ta fito da ƙaramin kwali. Da ta karya wuyan kwalbar, ƙamshin ya cika ɗakin, ƙasa mai laima da itacen da aka tono. Alassani ya rufe ido. Da ya buɗe, ya ga ta ajiye wata 'yar kwalba daban a gefe, kusa da hannunta, ba ta buɗe ba.

Bai jira ta ce komai ba. Ya naɗe hannun rigarsa, ya miƙa mata damtsen, cikinsa a sama. Ta ɗan tsaya. Sannan ta sa ɗigon a ƙarƙashin fata, ta zaro biro daga aljihu, ta zana da'irar. Fatar ta saki, biron yana tuntuɓe a kan tsufa, sai da ta bi sau biyu.

Ta duba nata agogon, ta faɗi wata kalma da Faransanci. Wannan ya san ta tun zamanin asibiti. Ashirin. Ta miƙe ta je bakin ƙofa ta tsaya, ta ba shi baya, tana kallon mangwaron.

Ya kalli da'irar. Ya kalli agogon Madam. Minti ɗaya ya tafi. In ashirin ɗin suka cika za ta yi masa allura ta rufe jaka, taksin yana jira, ya ji injin ma ba a kashe ba. Shekara goma sha biyu yana shirya maganar a gindin itace, yanzu duk ta watse, sai guntu.

"Inna."

Ba ta juyo ba.

"Kin faɗa mini. Ranar nan kin karanta, kin ce in jira, kin miƙo mini biro. Gaskiya kika faɗa. Ba zazzaɓi ba ne, ni ne. Da Alhaji Haliru ya ce ki yi shiru, ni ya kamata in yi magana, ban yi ba."

Kafaɗarta ta motsa. Ta ɗaga hannu ta dafa ƙyauren, amma fuskarta tana waje. Tari ya sarƙe shi, ya jira ya lafa. Ya kwance agogon, karon farko tun da aka ɗaura masa, ya ajiye shi a kan tabarma, a gefen da ba kowa.

"Ban ce ki yafe ba, wannan tsakaninki da Allah ne. Saura minti goma sha bakwai. Don darajar uwarki, Inna, zo ki zauna nan ki duba mini su."